«Ba a tabbatar ba tukuna»: ƙurar da sikeli ba ya gani

Akwai wata magana da ta daɗe tana kashe ma'aikata, ba a kuwa taɓa gurfanar da ita gaban alƙali ba. Maganar ita ce: «Ba a tabbatar ba tukuna.» Mai masana'anta na faɗinta, lauyansa na maimaita ta, jami'in hukuma ya sa hannu a ƙarƙashinta ya koma gida da kwanciyar hankali. Tana sanye da rigar tawali'un masu ilimi, shi ya sa musa ta ke da wuya, don kuwa ba mai son a ce masa yana yanke hukunci babu hujja. Amma wanda duk ya tsaya ya juya ta zai tarar ta tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci: kafin a tabbatar ɗin, wa zai ci gaba da shaƙa? Amsar ba ta taɓa sauyawa ba. Mai zuba gari cikin inji ne, da mai fesa fenti, da mai share ɗakin bayan kowa ya tashi.

Tun farkon shekarun 2000 ake rera wannan tsohuwar waƙa a kan wani sabon abu, wato ƙwayoyin nan da Faransawa ke kira nanoparticules, waɗanda za a kira ƙwayoyin nano a nan. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyar na mita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita dubu 80, alhali ƙwayar da ake magana a kai ba ta wuce nanomita 100 ba. Ido ba ya ganinta, madubin likita na yau da kullum ma ba ya ganinta. Masana'antu na ƙera irin waɗannan ƙwayoyi da gangan, saboda abu idan ya ƙanƙance zuwa wannan matsayi sai ya sake hali: abin da ba ya haɗuwa da kome ya fara haɗuwa, mai rauni ya yi ƙarfi, fari ya zama garai-garai. Ana zuba su cikin fenti, da siminti, da tayar mota, da batir, da man shafawa mai kare fata daga rana, da tufafin da aka ce ba sa wari. Amfaninsu gaskiya ne, kuma ba shi ne abin jayayya ba. Abin jayayya shi ne wannan: masu sayarwa sun yarda ƙanƙanta na sauya halin abu matuƙar ana maganar kasuwa, amma da an zo maganar huhun ma'aikaci sai su ce ai abu ɗaya ne da wanda aka saba da shi, ba ya buƙatar wata sabuwar doka. Ba ya yiwuwa abu ya zama sabo a takardar talla, ya kuma zama tsoho a ofishin mai binciken ƙwadago.

Yaudarar ta fara ne daga sikeli. Shekara da shekaru dokokin kare ma'aikata daga ƙura a kan nauyi suke tsaye: miligiram kaza cikin kowace mita kubik ta iska. Wannan awo ya yi daidai da ƙurar gawayi ko ta dutse. Ga ƙwayoyin nano kuwa, tamkar a auna yawan sauro ne da buhu. Lissafin ba ya buƙatar digiri, ɗan kolej na iya yin sa a kan allo. Ƙwaya ɗaya mai faɗin mikromita 10 nauyinta daidai yake da na ƙwayoyi miliyar ɗaya masu faɗin nanomita 10. A ɗauki ɗan dunƙule mai santimita 1 a kowane gefe: fatarsa ta waje duka-duka santimita murabba'i 6 ce. A yayyanka shi zuwa ƴan dunƙulaye masu nanomita 10, nauyi bai ƙaru da ko kaɗan ba, amma fatar da ke taɓa duniya ta zama mita murabba'i 600, wato filin gida sukutum. Ita wannan fata ce ke haɗuwa da naman huhu, ba nauyin ba. Tun farkon shekarun 1990 Günter Oberdörster da abokan aikinsa a jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna haka a jikin ɓeraye. Sun gwada garin titan iri biyu, mai ƙwayoyin wajen nanomita 250 da mai wajen nanomita 20. A nauyi ɗaya, ƙanana sun fi kumbura huhu nesa ba kusa ba, da aka koma lissafi da faɗin fata sai sakamakon biyu ya hau layi guda. Ke nan masana'anta na iya bin doka sau da ƙafa, sikelinta na nuna lafiya lau, ma'aikacinta kuma na shaƙar abin da sikelin bai san da shi ba.

Allah ya yi wa hanyar numfashi masu gadi. Gashin hanci da majina na tare manyan ƙura, tari na fitar da wasu. Abin da ya tsallake ya isa ƴan jakunkunan iska na can ƙarshen huhu, akwai wasu ƙwayoyin jiki masu aikin shara da ke haɗiye shi su kwashe. Ƙwayoyin nano na isa can ƙasa da yawa, masu sharar ba sa kama su yadda suke kama manya, wasu na ratsa tantani su shige cikin naman huhu, kaɗan daga ciki har cikin jini. A 2004 an nuna a jikin ɓeraye cewa wasu na bin jijiyar shaƙar ƙamshi daga hanci su kai ga ƙwaƙwalwa. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Wanda ke ganin tsoron ya yi yawa, ya karanta tarihin amiyant, dutsen nan mai zare wanda wuta ba ta ci, wanda aka taɓa ɗauka ni'ima ce ga magina da masu ƙera jiragen ruwa. A 1898 wata mai binciken masana'antu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta gargaɗi a kan ƙurarsa. A 1906 wani mai binciken ƙwadago na Faransa, Denis Auribault, ya ba da rahoton mutuwar ma'aikata wajen 50 a wata masaƙar amiyant kusa da Condé-sur-Noireau. A 1955 Richard Doll ya nuna alaƙarsa da sankarar huhu. A 1960 likita Wagner da abokansa a Afirka ta Kudu suka nuna yana haddasa sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu. Faransa ba ta haramta shi ba sai ranar 1 ga Janairun 1997, shekara 91 bayan rahoton Auribault. A tsakanin nan me ake yi? Ana jiran a tabbatar. Daga 1982 zuwa 1995 ma wani kwamiti ne na dindindin, wanda masana'antun amiyant ɗin ke ɗaukar nauyinsa, ya riƙa jan ragamar zancen yana cewa ana iya amfani da abin cikin tsanaki. Rahoton majalisar dattawan Faransa na 2005 ya ƙiyasta mutum dubu 35 sun mutu tsakanin 1965 da 1995, ya kuma yi hasashen wasu dubu 60 zuwa dubu 100 a shekarun da za su biyo. Abin da ya ba masu jinkiri mafaka shi ne cutar kan yi shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Ranar da ta bayyana ma'aikaci ya yi ritaya, kamfani ya sauya suna, shugaban da ya sa hannu ya rasu da lambar girma a ƙirji.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. An zaci Turai za ta zama haka. Masu gudun farko kuwa ba hukumomi ba ne, ƴan inshora ne. A 2004 babban kamfanin Swiss Re ya fitar da rahoto a kan haɗarin fasahar nano, yana kwatanta ta da amiyant ƙarara, don shi ya san nawa amiyant ya ci wa masu inshora. A shekarar ce kuma manyan majalisun masana kimiyya da injiniyoyi na Ingila suka ba da shawarar a ɗauki ƙwayoyin nano da aka ƙera tamkar masu haɗari a masana'antu da ɗakunan bincike, har ranar da aka san gaskiyarsu. Masu kuɗi sun nemi kariya ga aljihunsu tun da wuri. Ma'aikaci ne kaɗai aka ce ya jira hujja.

Hujjar kuma ta fara zuwa. Akwai wani nau'i da ake kira bututun nano na karbon, siririn zare mai ƙarfin gaske da rashin nauyi. A 2008 masu bincike a Edimbura, ƙarƙashin Ken Donaldson, suka sa dogayensa a cikin ɓeraye, sai tantanin cikinsu ya kumbura ya yi ƙulli irin wanda zaren amiyant ke sa wa. Dalilin a sarari yake: zaren ya fi ƙarfin mai shara, ba ya iya haɗiye shi duka, ba ya iya sakinsa, sai ya yi ta zubar da dafin yaƙi a wuri guda. Gajeru da murɗaɗɗu ba su yi wannan ɓarna ba, abin da ke nuna cewa siffa ce ke magana, ba suna ba. A 2014 cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Liyon ta sa wani nau'in wannan bututu, MWCNT-7, cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa sankara ga ɗan Adam.

Nan ne masu kare masana'antu ke ɗaga murya su ce ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne. Sai dai ya kamata su ƙarasa maganarsu, su faɗi mutanen da suke so a gwada a jikinsu.

An kuwa riga an gwada, ba tare da an nemi izinin kowa ba. A 2009 wata mujallar likitocin huhu ta Turai ta buga rahoton likitocin asibitin Chaoyang na Beijin a kan mata 7, masu shekara 18 zuwa 47, da suka yi aiki wata 5 zuwa 13 a wata ƙaramar masana'anta. Aikinsu fesa wani farin kwaɓi ne na roba a kan alluna, sa'an nan a gasa su bushe. Ɗakin mita murabba'i 70 ne, ƙofa ɗaya, babu taga. Injin zuƙe hayaƙi ya lalace watanni kafin su fara ciwo, ba a gyara ba. Ƙofar ma rufe ta ake yi saboda sanyi. Abin rufe hanci na ƙyallen auduga ne, shi ma ba kullum ba. Dukansu sun zo da sarƙewar numfashi da ruwa a ƙirji, huhunsu ya fara ƙeƙashewa, biyu suka mutu. A cikin naman huhunsu da ruwan ƙirjinsu an ga ƙwayoyi masu wajen nanomita 30.

Masana da yawa sun soki rahoton, kuma sukar tasu na da tushe, ba a ɓoye ta ba. Ba wanda ya auna iskar ɗakin lokacin da ake aiki, kwaɓin kuma na ɗauke da wasu sinadarai masu cutarwa, don haka ba a iya rantsuwa cewa ƙwayoyin nano kaɗai suka yi kisan. To, amma a dubi abin da wannan suka ke faɗi da kyau. Ba a auna iskar ba saboda mai masana'antar bai auna ba. Ba a san abin da ke cikin kwaɓin ba saboda ba a gaya wa kowa ba. Sakacin da ya kashe matan shi ne kuma ya share sawun hujja, sa'an nan a juyo a kafa hujja da rashin sawun. Wanda ya kashe fitila da hannunsa ba shi da bakin cewa ba a ga ɓarawo ba.

Ba a ƙasar Sin kaɗai abin ya faru ba. A Afirka ta Kudu wani mutum mai shekara 38, lafiyayye, ya shaƙi hayaƙin nikel yana fesa narkakken ƙarfe da wutar lantarki, bayan kwana 13 ya mutu da sarƙewar huhu. Da aka sake duba naman huhunsa da madubi mai ƙarfi, a binciken da aka buga a 2010, sai aka tarar da ƙwayoyin nikel da ba su kai nanomita 25 ba. A 2014 kuma an buga labarin wata mai ilimin sinadarai, ƴar shekara 26, a Amurka ta Arewa, wadda ke auna garin nikel na nano a kan buɗaɗɗen teburi babu wata kariya. Ta kamu da ciwon maƙogwaro da toshewar hanci, jikinta ya daina jure nikel har ɗan kunnenta ya zame mata cuta. Wannan mai digiri ce, cikin ɗakin bincike. Ita ma ba wanda ya gaya mata garin ya bambanta da ƙarfen da ta sani.

Me hukumomi suka yi? A Amurka cibiyar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata ta yi aikinta. A 2011 ta ba da shawarar kada garin titan na yau da kullum ya wuce miligiram 2.4 cikin mita kubik ta iska, na nano kuwa kada ya wuce 0.3, wato ta yarda da bakinta cewa abu ɗaya na da haɗari biyu gwargwadon girman ƙwayarsa. A 2013 ta sa wa bututun karbon iyakar mikrogiram 1. Sai dai shawara ce, ba doka ba. Iyakar da doka ta tilasta wa garin titan a can ita ce miligiram 15, ninki 50 na abin da masanan gwamnatin kanta suka ce ya dace da na nano. Mai masana'anta na da zaɓi tsakanin adadi biyu, kowa kuma ya san wanda aljihu ke zaɓa.

Faransa ta yi abin yabo, ta kuma bar shi rabi. Ita ce ƙasar farko da ta wajabta, daga 1 ga Janairun 2013, duk mai ƙera ko shigo da ko rarraba giram 100 na kayan nano a shekara ya bayyana shi cikin rajistar R-Nano. Nan aka gane ashe ba maganar ƴan cokula ake ba, wajen tan dubu 400 aka riƙa bayyanawa kowace shekara a shekarun farko. Amma a 2020 hukumar Anses ta duba rajistar ta ce kashi 90 cikin 100 na bayanan siffar ƙwayoyin ba su da amfani ga mai bincike, kuma kashi 10 kaɗai na masu bayyanawa ke faɗin abin da ake yi da kayan yadda ya kamata. An cika takarda, an rufe baki. Kalmar nano ɗin ma ta zama rigar aro. A 2006 wani maganin fesa bango da gilashi mai suna Magic Nano ya sarƙe numfashin mutane da dama a Jamus, da aka bincika sai aka tarar babu ƙwayar nano ko ɗaya a ciki, an rubuta sunan ne don ya ja masu saye. Lokacin da kalmar ke sayar da kaya an manna ta a kan abin da ba shi da ita, da ta fara jawo tambaya sai aka daina rubuta ta a kan abin da ke da ita.

Labarin garin titan ya fi kowane nuna inda ma'aikaci yake a layi. Faransa ta dakatar da shi cikin abinci daga Janairun 2020, Tarayyar Turai ta haramta shi cikin abinci a 2022, saboda ba a iya kawar da shakku a kansa ba. Ga mai cin alewa, shakku ya isa hujja. Ga mai shaƙar garin buhu-buhu kuwa, Tarayyar ta taɓa sa shi cikin abubuwan da ake zargi da haddasa sankara ta hanyar shaƙa, masana'antu suka kai ƙara, kotun Luksambur ta soke matakin ranar 23 ga Nuwamban 2022, babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da sokewar ranar 1 ga Agustan 2025. Alƙalai sun ga kuskure cikin yadda aka karanta binciken ɓerayen da aka dogara da shi, wannan kuma haƙƙinsu ne. Amma sakamakon ga shi a fili: mai saye na da ƙuri'a da jarida, shi ya sa aka yi masa rigakafi, mai aiki kuwa an mayar da shi ɗakin jira.

Da a ce kariyar na da wuya ko tsada ƙwarai, da an ce akwai uzuri. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin nano na tafiya da iska kamar hayaƙi, duk abin da ke kama hayaƙi tun daga bakinsa na kama su. A rufe injin da ke zuba gari, a sa mazuƙi daidai inda ƙurar ke tashi, a yi aiki da kwaɓi ko ruwa maimakon busasshen gari, a daina share ɗaki da tsintsiya ko hura shi da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wani abin mamaki ma, matata mai kyau na kama ƙananan ƙwayoyi sosai, domin ba sa tafiya miƙe, rawa suke yi cikin iska har su manne wa zaren matatar. Takunkumi irin FFP3 na aiki matuƙar ya zauna daram a fuska, ɓarakar gefen hanci da ta gemu ce ke kayar da shi. Duk wannan tsohon ilimi ne. Matan Sin 7 ba su rasa wata fasahar gobe ba, injin zuƙe hayaƙi suka rasa da mai gyara shi.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa wannan rigimar Turawa ce, tun da Nijar ba ta da masana'antar ƙera ƙwayoyin nano. Rabin maganarsa gaskiya ne. Sai dai ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta ba a ɗakin bincike kaɗai ake haifarsu ba, wuta mai zafi ma na haifarsu ba da nufin kowa ba. Hayaƙin walda cike yake da su: ƙarfe ya narke ya zama tururi, ya huce cikin iska ya dunƙule ƴan mitsi-mitsi. Hayaƙin gazuwal ma haka. A kan waɗannan biyu kuwa ba sauran «tukuna». Cibiyar Liyon ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da tabbas suna haddasa sankara a 2012, ta sa hayaƙin walda a 2017. An tabbatar. Me ya sauya a bakin titi? Yaron mai walda na nan tsugune bisa ƙofar ƙarfe, kansa cikin hayaƙi, da baƙin tabarau na kasuwa, wani lokaci ma babu. Mai gadi na nan kwance kusa da gurup cikin ɗan ɗakin da ba taga. Mai fentin mota na nan yana fesawa da tsumma ɗaure a hanci, daga gwangwanin da aka shigo da shi daga nesa, wanda ba mai iya gaya masa abin da ke ciki. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin maganar: waɗanda suka ce a jira hujja ba su motsa ba ranar da hujjar ta iso.

Sai kuma maganar madara. Masu walda da masu fenti da yawa sun gaskata cewa gwangwanin madara bayan aiki na wanke ƙirji. Kada a yi musu dariya, don ba su suka ƙirƙiro ba, masana'antun Turai sun daɗe suna raba wa ma'aikata madara a matsayin maganin guba, saboda ta fi gyaran iska araha. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu, hanyoyin biyu ba sa gamuwa. Haka nan masu cewa wanda ya girma cikin hazo ba ya tsoron ƙura. Ƙurar hunturu ma ba ta bar kowa lafiya ba, masu asma shaida ne, amma ita yawancinta ƙasa ce mai manyan ƙwayoyi, ba tururin manganis da kurom da nikel ba.

Ba doka aka rasa ba. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2009, dokar ƙwadago ta 2012 na da babi guda a kan tsabta da kariya da lafiyar ma'aikata, a 2022 kuma ƙungiyar ta duniya ta sa aiki cikin aminci da lafiya a jerin haƙƙoƙin tushe na kowane ma'aikaci. Amma dokar na tsayawa ne a ƙofar kamfanin da ke da rajista, mafi yawan masu shaƙar hayaƙin kuwa ba su da takardar albashi, ba su da lamba a asusun CNSS, yaran koyon sana'a ne da iyaye suka damƙa wa maigida amana. In ɗayansu ya fara tari yana da shekara 45, za a ce sanyi ne, ko a ce sammu, ba kuwa littafin da zai rubuta cewa ya yi shekara 30 cikin hayaƙi. Gobe wani zai duba littattafan asibiti ya ce babu alamar cutar a Nijar.

Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda ke iya tsayar da ƙasa cik a kan bashin albashi da kuɗin alawus, ba a cika jin muryarsu a kan iskar da ake shaƙa a wurin aiki ba. Abin da ya kamata su nema ba shi da yawa, kuma ba ya jiran wani binciken Turai. Nauyin hujja ya koma kan mai kaya: wanda ya shigo da fenti ko gari ko maganin fesawa, shi zai faɗi abin da ke ciki, ya kawo takardar bayanin haɗarinsa tun a kwastan, in akwai ƙwayoyin nano a rubuta. Cibiyoyin koyon sana'a su koyar da tsayuwa ta inda iska ke kwashe hayaƙi daga fuska, da goge fenti da tutiya daga ƙarfe kafin a sa masa wuta, kamar yadda suke koyar da riƙon sandar walda. Likita in ya ga mai tari ya tambaye shi sana'arsa da shekarun da ya yi cikinta, ya rubuta. Takardar bayanin haɗarin kuma, wadda in ma ta zo da Faransanci ko Ingilishi ko Sinanci take zuwa, a juya ta zuwa Hausa da Zabarmanci, a karanta ta a gidajen rediyon karkara, domin yaron da ke riƙe da bindigar fenti a garejin Tawa da wuya ya wuce aji 6 na firamare.